Tarihin Littattafan Yara Masu Zane a kan Mutuwar Dabbar Gida

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani rukuni na littattafan yara da ba su da wani jigo sai mutuwar kare ko kyanwa ko tsuntsu. Ƙananan littattafai ne, galibinsu ba su wuce shafi 32 ba, zane ya fi rubutu yawa, kuma akan neme su ne idan abin ya faru, uwa ko uba su zauna su karanta wa yaron da ke kuka. Kafin a shiga tarihinsu, ya kamata ɗalibi ya lura da wata matsala ta kalma. Idan Bahaushe ya ce "dabbar gida", akuya da tunkiya da jaki duk sun shiga ciki. Dabbar da waɗannan littattafai ke magana a kanta kuwa ba don nama ko kasuwa ko aiki ake ajiye ta ba. Ana ajiye ta ne don sabo da ɗebe kewa, a raɗa mata suna, sau da yawa ma ɗaki ɗaya take kwana da yaro. Da wannan ma'ana za a yi amfani da kalmar a wannan takarda.

Ba yau aka fara yi wa yaran Turawa maganar mutuwa a littafi ba. A wajajen 1671 wani malamin coci a Ingila mai suna James Janeway ya wallafa A Token for Children, labaran yara goma sha uku da suka rasu da ƙuruciya, don mai karatu ya ji tsoro ya gyara halinsa tun kafin ajali ya zo. An yi fiye da shekara ɗari ana karanta shi a Ingila da Amurka. Mutuwar dabba ma ta shiga tun da wuri. Waƙar Cock Robin, wadda aka fara bugawa a wajajen 1744, labari ne na wani tsuntsu da aka harbe da kibiya, sauran tsuntsaye suka raba aikin jana'izarsa a tsakaninsu. Sai dai ba don rarrashi aka yi waɗannan ba, kuma ba don a bayyana wa yaro mece ce mutuwa ba. Ya riga ya gan ta a gidansu. A Ingila a shekarar 1900, cikin kowane jariri 1,000 da aka haifa, kusan 150 ba sa cika shekara ɗaya a duniya, kuma a gida ake jinya, a gida ake cikawa.

A cikin shekara hamsin abin ya sauya. Zuwa 1950 wannan adadi ya sauko zuwa kusan 30. Jinya ta koma asibiti, shirya gawa ya koma hannun kamfanoni, aka kuma fara nesanta yara daga wurin jana'iza. A 1955 masanin halayyar al'umma Geoffrey Gorer ya rubuta wata maƙala inda ya nuna cewa mutuwa ta zama abin kunyar faɗa a tsakanin Turawan zamaninsa. A ɗaya ɓangaren kuma matsayin dabbar gida sai ƙaruwa yake yi. Tun 1881 aka fara binne karnuka a wani lungu na lambun Hyde Park a Landan, aka buɗe maƙabartar dabbobi ta Hartsdale a jihar New York a 1896, sannan ta Asnières kusa da birnin Paris a 1899. Da waɗannan hanyoyi biyu suka haɗu, sai ya zamana a gidaje da yawa gawar farko da yaro zai gani da idonsa, har ya taɓa, ta karensa ce ko kyanwarsa, tunda ba kasafai kare ke wuce shekara goma sha biyar ba. Wannan giɓi ne littattafan suka zo cikewa.

Wadda ta buɗe ƙofar ita ce Ba'amurkiya Margaret Wise Brown. Ta sami horo a makarantar Bank Street da ke New York, inda ake koyar da cewa a rubuta wa yaro abin da yake gani yake ji a rayuwarsa ta yau da kullum. Gajeren labarinta The Dead Bird, wato mataccen tsuntsu, ya fito cikin wani kundin labarai a 1938, amma bai zama littafin zane mai zaman kansa ba sai 1958, da zanen Remy Charlip, shekara shida bayan rasuwarta. Wasu yara ne suka tsinci tsuntsu a ƙasa, da sauran ɗumi a jikinsa. Suka taɓa ƙirjinsa ba su ji bugun zuciya ba, yana hannunsu ya yi sanyi ya sandare. Suka haƙa rami a cikin kurmi, suka naɗe shi da ganye, suka binne, suka yi masa waƙa, suka yi kuka, suka ɗora dutse. Babu babba ko ɗaya a labarin. Kullum sukan koma su sa furanni, har ranar da suka manta. Tsuntsun ba nasu ba ne, saboda haka ba za a kira shi dabbar gida ba, amma duk waɗanda suka biyo baya a kan wannan tubali suka ɗora: a faɗi yadda gawa take, a bar yara su yi jana'izarsu da kansu. A ganina, wannan mantuwa da Brown ta yarda ta ambata ita ce gaskiyar da yawancin magadanta suka kauce wa.

A wannan tsakani masana sun fara bincike a kan yadda yaro ke fahimtar mutuwa. A 1948 Maria Nagy ta wallafa sakamakon aikin da ta yi da yara 378 a birnin Budapest na ƙasar Hangari. Ta gano cewa yaron da bai wuce shekara biyar ba yakan ɗauki mutuwa kamar tafiya ko barci, wato abin da ake dawowa daga gare shi, kuma sai wajajen shekara tara yake gane cewa ba a dawowa, kuma kowa zai je. Wannan ya shafi zaɓin kalma kai tsaye. Idan likitan dabbobi ya yi wa tsohon kare allurar da za ta raba shi da wahala, Turawa kan ce an sa shi barci. Mu ma mukan ce barci ƙanin mutuwa ne, amma babba ne ke gane hikimar maganar. Ɗan shekara huɗu zai zauna jiran karen ya farka, ko kuma shi kansa ya ji tsoron kwanciya da dare.

A 1969 Elisabeth Kübler-Ross ta fitar da On Death and Dying, littafin da ya sa Amurkawa suka koma tattauna mutuwa a fili. A watan Maris na 1970 Fred Rogers, mai shirin yara a talabijin, ya ɗauko wani ɗan kifi da ya mutu a tankin ruwansa a gaban masu kallo. Ya gwada sa shi a ruwan gishiri ko zai farfaɗo, bai farfaɗo ba, sai ya binne shi, ya kuma ba da labarin baƙin cikin da ya yi yana yaro lokacin da karyarsa Mitzi ta mutu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1971, Judith Viorst ta wallafa The Tenth Good Thing About Barney, da zanen Erik Blegvad. Har yau da wannan littafi ake auna sauran.

Barney muzuru ne. Da ya mutu, yaron ya ƙi cin abinci, ya kwanta yana kuka. Uwarsa ta ce ya tuno kyawawan abubuwa goma game da shi don ya faɗa a wurin binnewa. Tara kawai ya samu, ciki har da cewa sau ɗaya tak Barney ya taɓa cin tsuntsu. Bayan an binne, gardama ta tashi tsakaninsa da Annie, ƴar maƙwabtansu. Ita ta ce muzurun yana sama cikin jin daɗi, shi ya ce yana cikin ƙasa inda suka sa shi. Suka kai ƙara wurin uban, shi kuwa bai ba kowa gaskiya ba, ya ce iliminsu a kan wannan kaɗan ne. Daga baya suna shuka a lambu uban ya bayyana masa cewa duk abin da ya shiga ƙasa yakan sauya, ya zama abincin tsirrai. A nan yaron ya sami na goma: Barney yana taimaka wa furanni su fito. Ƙarfin littafin yana wurin gardamar nan da aka bari a buɗe. Tambayar da kowane yaro ke yi ita ce "yanzu yana ina?", kuma ana iya karanta tarihin da ya biyo baya a matsayin amsoshi iri-iri da marubuta suka ba ta.

Hans Wilhelm, haifaffen Bremen a Jamus da ya koma Amurka da zama, ya kauce wa tambayar gaba ɗaya. A littafinsa I'll Always Love You na 1985, yaro da karyarsa Elfie tare suka tashi, ta tsufa har ta kasa hawa bene sai ya ɗauke ta. Da ta mutu kowa a gidan ya yi kuka, amma shi ya sami sauƙi saboda kowane dare yakan gaya mata yana son ta. Maƙwabci ya yi masa tayin ɗan kwikwiyo, ya ƙi karɓa, sai ma ya ba da kwandon da Elfie ke kwana a ciki. An fassara labarin zuwa Japananci, har ya shiga littafin karatu na ƴan aji ɗaya a Japan. A 1988 Rogers ya fitar da When a Pet Dies, da hotunan yara na gaske maimakon zane, da bayani kai tsaye ba tare da labari ba.

Cynthia Rylant kuwa ta ba da amsar Annie. A Dog Heaven na 1995 da Cat Heaven na 1997, waɗanda ita ta zana da hannunta, dabbobin suna wata aljanna tasu, da filayen gudu da abinci da wurin kwana mai laushi. Littattafan sun karɓu ƙwarai, ko da yake su kansu malaman Kirista ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba game da makomar dabbobi bayan mutuwa. Rarrashi ne mai daɗi, sai dai gawa da rami da ranar da abin ya faru duk an tsallake su.

A 2002 littattafai biyu suka fito daga Turai. Judith Kerr, wadda iyalinta suka gudo daga Jamus a 1933 tana yarinya, ta ƙirƙiro kyanwa Mog tun 1970, kuma yaran Ingila na zuriya biyu sun tashi da labaranta. Tana dab da shekara tamanin ta rubuta Goodbye Mog, inda kyanwar ta mutu tun a farkon littafin, kurwarta ta tsaya a gidan har ta koya wa sabon ɗan kyanwa zama da mutane, sannan ta tafi. Yaran da ba su taɓa ajiye dabba ba ma sun yi rashi a wannan karo. (Mog ta sake fitowa a wani littafi a 2015, shekara huɗu kafin rasuwar Kerr.) A Suwidin kuma Ulf Nilsson da mai zane Anna-Clara Tidholm suka fitar da Adjö, herr Muffin, labarin wani tsohon ɓeran Masar da ke tuna rayuwarsa yana jiran ƙarshe, aka ba shi kyautar August ta wannan shekara. A 2006 Nilsson ya sake komawa kan batun tare da Eva Eriksson a Alla döda små djur, inda yara uku suka kafa kamfanin jana'izar ƙananan dabbobi: ɗaya na haƙa, ɗaya na tsara waƙa, ƙaraminsu aikinsa kuka. A nan ne raha ta shigo wannan fage, kuma labarin ya fi kusa da na Brown fiye da duk na tsakani, domin washegari yaran wani wasan daban suka kama.

Shi ma labarin Brown an sake buga shi a 2016 da sabon zane na Christian Robinson. Ya ɗauke yaran daga karkara ya kai su wani lambu a tsakiyar birni, ya yi su launin fata daban-daban, ya kuma sa musu kare yana bin su. Rubutun na 1938 an bar shi yadda yake.