Badagiri da Hanyar Sakkwato

Badagiri gari ne na bakin teku, yamma da Ikko, dab da iyakar ƙasar da a da a ke kira Dahomey. Baƙi na zuwa kallonsa, kuma abubuwan da a kan nuna musu sanannu ne: benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda a ke cewa shi ne bene na farko a Nijeriya, da gurbin itacen Agia da ya faɗi a 1959, da tsohon ofishin Di'o na 1863 inda a ke ajiye sarƙoƙi da maruruwa. Daga nan sai a ƙetare da su cikin jirgin ruwa zuwa tsibirin Gberefu, su taka rairayi har bakin teku, inda a ka ce nan a ke loda bayi. Akwai wata rijiya a kan hanya wadda masu rakiya ke cewa duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta garinsu. Wannan zance ne na baka, amma ya kawo mu ga tambayar da ta dame mu, watau ina ne garin nasu?

Ga mutumin Dauran ko Shinkafi, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, Badagiri sai ka ce bangon duniya. To, amma hanya ta haɗa su. A 1824 Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato ta hanyar Barno da Kano, ya kuma ratsa Zurmi cikin wannan tafiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, a kan ciniki da kuma hana fitar da bayi ta teku. Da Clapperton ya komo a ƙarshen 1825 bai iske manzannin Bello a gaɓa ba, domin Funda da Raka, garuruwan da a ka ambata masa, ashe ba a bakin teku su ke ba. Sai ya sauka Badagiri, ya bi ta tsohon birnin Oyo da Busa da Nufe da Zariya da Kano. Ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri da takardunsa.

Hanyar nan kuwa ba Turawa suka buɗe ta ba. Tun daga 1804 yaƙe-yaƙen jihadi suka yawaita kamammu, a ka riƙa sayar da su hannu zuwa hannu har ƙasar Yarabawa, wasu suka fita ta Badagiri, wasu ta Ikko da Porto-Novo da Wida. Shaidar wannan tana Bahia ta ƙasar Barazil, inda hukuma ta tona asirin wani shirin tawaye na bayi Hausawa a 1807, a ka kuma sami Hausawa cikin boren Musulmi na 1835. Ba duka ne suka ƙetare ba. Sa'ad da Lander ya sake zuwa tare da ƙanensa a watan Maris 1830, sun tarar da malamai Hausawa zaune a garin, har sun ga bikin ƙaramar salla.

Harshe ma ya riƙe nasa rabon. Wurin da ya fi ɗaga wa baƙo hankali shi ne gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakunan tsare bayi 40. Mutumin nan Bayarabe ne, shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama dillalin bayi da shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. "Seriki" ba wani abu ba ne illa "sarki". Yarabanci ba ya yarda baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, saboda haka a ka sa wasalin i tsakanin r da k. Kalmar "Gambari" da Yarabawa ke kiran Bahaushe da ita, wasu masana suna ganin daga sunan Kambari ta fito, mutanen da ke zaune kan wannan hanya ta fatake.

A ganina labarin da a ke ba baƙi a Badagiri ya tsaya rabi, domin daga bakin ruwa ya ke farawa. Namu na kwalejoji kuma a Kwara ya ke tsayawa. Malamin da ke koyar da jihadi zai iya shimfiɗa taswira, ya sa ɗalibai su bi zangon Clapperton daga Zurmi, su ga inda ya ɓulle.