Kujerar mota: yadda ake ƙera ta da yadda take kare rai

Kujerar mota na cikin kayan da ke kare rayuwar direba da fasinja idan haɗari ya auku. Masu ƙera motoci na tsara ta ne domin ta ɗauki nauyin jiki, ta rage gajiyar doguwar tafiya, ta kuma riƙe mutum a mazauninsa lokacin karo.

Sassan kujera

A cikin kujera akwai ƙarfen da aka ɗaure da ƙasan mota, sai sifirin da soso, sannan yadi ko fata a sama. Majinginarta na da ɗan tudu daga ƙasa domin tallafa wa gadon baya. Matashin da ke samanta kuwa aikinsa hana kai fizgewa baya idan aka daki mota ta baya, abin da ke jawo rauni a wuya. Amurka ta wajabta sanya shi a sababbin motoci tun 1969.

Bel

A 1959 ne kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fara sanya bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙira, kuma kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na rage haɗarin mutuwar mazauna kujerun gaba da kusan kashi 50 cikin 100. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a watan Janairun 2003.

Zaman da ya dace

Ana so direba ya bar tazarar kimanin santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, saboda jakar iska na fitowa da ƙarfin gaske. Ya gyara kujera yadda zai taka birki har ƙasa ba tare da ya miƙe gwiwa gaba ɗaya ba. Saman matashin ya daidaita da saman kai, kuma ya kusanci ƙeya. Kwantar da majingina sosai na iya sa mutum ya sulale ta ƙarƙashin bel lokacin karo.

Yara

An yi bel ne daidai jikin manya, don haka ƙananan yara na buƙatar kujera tasu, a ɗaure ta a baya. Ta jariri tana fuskantar bayan mota ne, domin wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukar nauyin kansa a karo ba. Haɗari ne babba a ajiye irinta a gaba inda jakar iska ke aiki. Haka nan rungume yaro a cinya ba ya kare shi, domin ƙarfin karo ya fi na hannun kowa.

Motocin haya

A tashoshi da dama ana cire kujerun asali na bas a sa bencin da masu walda suka haɗa, ko a cusa mutum biyu a kujerar gaba. Irin wannan benci ba shi da bel ko matashi, yana kuma iya ɓallewa ya danne na gaba. Kafin a shiga mota, yana da kyau fasinja ya duba ko kujera na girgiza, ya kuma gwada bel ɗinta.