Satar kuɗin dole

satar kuɗin dole (sn., mc.) A wasan kartar foka, musamman samfurin Tekzas Holdem na Amurka: ƙara kuɗi kafin a buɗe katunan tsakiya, da hannu mara ƙarfi, domin 'yan wasa biyun da suka zuba kuɗin dole su janye a bar wa mai ƙarin. Kuɗin dole kashi biyu ne, ƙarami da babba, kuma babban yakan ninka ƙaramin. Ba maguɗi ba ne, dokar wasa ta yarda.

Daga kujerun ƙarshe ake yin ta, wato ta mai rabon kati da ta damansa, bayan duk na gaba sun janye. Dalili: 'yan kaɗan suka rage, kuma mai rabo ne ke yin magana a ƙarshe a sauran zagayen. Lissafin ba wuya. Wanda ya sa ninki 2.5 na babban dole don ya ci ninki 1.5 yana bukatar a janye masa kashi 62.5 cikin 100 kafin ya mayar da uwar kuɗi.

Sanin abokin karawa ya fi kyan kati muhimmanci. Mai ɗari-ɗari ake yi wa, musamman a gasa idan an kusa shiga sahun masu samun kyauta, lokacin da kowa ke tsoron fita. Mai biye wa kowane ƙari kuwa, yi masa ɓarnar kuɗi ce. Haka wanda kuɗinsa ya kusa ƙarewa, don yana iya tura duka lokaci guda.

*Misali:* "Malam, ka cika satar kuɗin dole, yau sai na ga katinka."