Tagullar Kiev: yadda Finlan ta samu wuri a fagen badminton

Tun daga 2023, duk watan Oktoba zakarun badminton na duniya kan taru a Vantaa, gari mai maƙwabtaka da Helsinki, domin gasar Arctic Open. A Finlan, ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi da hankalinta ya fi karkata ga hoki na ƙanƙara, wannan babban abu ne. Masu sharhi da dama na danganta shi da tagullar da ɗan wasan ƙasar, Kalle Koljonen, ya ci a gasar Turai a 2021, wasu kuma na cewa sa'a ce kawai ta faɗo masa.

Asalin wasan ba ya buƙatar dogon bayani. Hafsoshin sojan Ingila sun buga shi a Poona ta Indiya a ƙarni na 19, suka koma da shi gida. Denmak ta rungume shi da wuri, har tana cikin ƙasashen da suka kafa hukumar wasan ta duniya a 1934. Finlan kuwa sai 1954 ta kafa tata hukumar, ta daɗe tana bin baya. Da wasan ya shiga Olamfik a Barsalona a 1992, Pontus Jäntti da Robert Liljequist sun wakilce ta. Bayansu Anu Nieminen ta je Olamfik sau huɗu a jere, daga Sidni a 2000 zuwa Landan a 2012.

A Landan ɗin ne aka ga abin da ya kamata a riƙa tunawa. Ville Lång, ɗan garin Lahti, ya haɗu da Lee Chong Wei na Maleshiya, wanda ya dawo daga raunin idon sawu. Zagayen farko Lee ya share shi da 21–8. A na biyu Lång ya juya wasan, ya riƙa jan gwarzon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ci 21–14. Lee ya kammala da 21–11, ya wuce har wasan ƙarshe inda Lin Dan ya doke shi. Lång bai dawo da lamba ba, amma yaran Finlan sun ga ɗan ƙasarsu ya sa gwarzon duniya gumi. Koljonen yana da shekara 18 a lokacin.

An haifi Koljonen a 1994, kuma bahago ne, abin da kan rikita abokin karawa domin ƙwallon gashin na zuwa masa ta inda bai saba ba. Ya yi shekaru yana zagaya ƙananan gasanni na Turai yana tara maki, a dakunan wasa da 'yan kallo ba sa cika. A ƙarshen Afrilun 2021, a gasar Turai a Kiev, ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Viktor Axelsen na Denmak ya tsayar da shi, amma a wannan gasa duk wanda ya faɗi a matakin nan tagulla ce rabonsa. Ita ce lamba ta farko da Finlan ta taɓa samu a gasar. Axelsen kuwa gwaji ya nuna ya kamu da korona, bai buga wasan ƙarshe ba, aka ba Anders Antonsen kambun. Bayan wata uku Axelsen ne ya ɗauki zinari a Olamfik ta Tokyo.

Masu cewa sa'a ce suna kafa hujja da annobar, wadda ta hargitsa atisaye da tafiye-tafiye a shekarar. Ban yarda ba. Annobar ba ta zaɓi ƙasa ba. Masu cewa tsananin sanyi ne ya kora matasa cikin dakunan wasa su ma hujjarsu ba ta da ƙarfi, don sanyin nan yana nan tun 1954. A ganina abin da ya yi aiki shi ne jerin 'yan wasan ɗaiɗaiku, daga Jäntti zuwa Nieminen zuwa Lång, kowa ya ɗan matsar da iyaka kafin ya ajiye raket. A 2024, a gasar Turai ta Saarbrücken a Jamus, babu wata annoba, Joakim Oldorff, wanda aka haifa a 2002, ya sake kawo wa Finlan tagulla.