Daga Ragon Suna Zuwa Yanka Kek: Yadda Bikin Cika Shekara Ya Shigo Sakkwato

Da yawa daga cikin tsoffin Sakkwato ba za su iya gaya maka kwanan watan da aka haife su ba, amma tambaye su lokacin ka sha labari. Wani zai ce shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau gado, wato 1938. Wata ta ce tana goye aka kashe Sardauna a 1966. Wani kuma da shekarar canjin kuɗi zai auna maka, 1973, lokacin da fam da sule suka ba naira wuri. Ranar mako kuwa laƙabi ne ke riƙe ta: Jummai, Asabe, Altine, Balarabe. Haka ma lokacin shekara, ga Marka, ga Azumi, ga Sallau. Gidajen malamai sun san lissafin Hijira sarai, shi ya sa har yau aka san an haifi Shehu Usmanu a Maratta cikin watan Safar na 1168, daidai da ƙarshen 1754. Sai dai don tarihi aka rubuta, ba don a riƙa taruwa duk shekara ba.

Ba wai jariri ba shi da bukukuwansa ba ne. Ranar bakwai ake raɗa suna da sassafe, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski, da yamma mata su cika gida da kayan barka. Mai jego na nan tana wankan ruwan zafi da ganye, tana shan kunun kanwa, har a yi arba'in ta fita yawon gaida dangi. Daga nan sai yaye, wajen shekara biyu, a kai yaro gidan kakarsa ya manta da nono. Tsakanin arba'in da yaye babu wani zango. Cika shekara ɗaya kan zo ta wuce, uwar ma ba ta lura ba, illa ta ce wannan ce daminarsa ta biyu.

Akwai dalili, kuma mai nauyi ne. Kyanda, tarin shiƙa, sanƙarau na lokacin zafi da zazzaɓin damina sun kwashe yara ba adadi kafin su fara tafiya. Matar da ke wabi takan kira ɗanta Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Ana tsoron baki, don haka ba a yabon ƙibar jariri a gaban jama'a. Ga kuma kunya, wadda a ƙasar Sakkwato ta haɗu da ta Fulani ta ƙara kauri: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Matar da ba ta iya furta sunan ɗanta, ta yaya za ta tara mutane a yi masa shagali?

Takarda ce ta fara kawo canji. Asibiti ya riƙa rubuta ranar haihuwa a kati, makarantar boko ta riƙa tambayar shekaru. Ko a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, malamai da dama sai dai su sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, in ya kai a ɗauke shi. A 1992 aka kafa dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a Najeriya, aka ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kwanan wata ya shiga aljihun iyaye, ya zama abin da ake iya jira ya zagayo.

Shi kansa bikin baƙo ne, kuma an san hanyar da ya biyo. Kek mai kyandir na yara an fi danganta shi da Jamus tun ƙarni na 18, ya bazu zuwa Ingila da Amurka, ya iso Kudancin Najeriya tare da 'yan mishan da makarantunsu. Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, ga kamfanin siminti na Kalambaina, ga barikin soja da na 'yan sanda. Ma'aikata daga ko'ina suka zo da iyalansu da al'adunsu. A gidajen ma'aikata 'yar Sakkwato ta fara ganin maƙwabciya ta tara yara, an raba biskit da lemo, mai hoto ya zo ya ɗauka. Daga baya makarantun kuɗi na ƙananan yara suka ƙarasa aikin, domin yaron da aka ba alewa a aji zai dawo gida ya tambayi ranar tasa.

Abin da ya fitar da bikin daga rukunin gidajen ma'aikata zuwa Mabera, Arkilla, Runjin Sambo da Gawon Nama ita ce waya. Salula ta shigo a 2001, sannan wayoyi masu kyamara, sannan WhatsApp da Facebook. Yau mata da yawa na sana'ar kek a cikin gidajensu, ana rubuta sunan yaro a kai ɓaro-ɓaro, a hura balan-balan, a dafa shinkafa, a haɗa zoɓo da kunun aya, a ɗinka wa uwa da ɗa kaya iri ɗaya. "Bazde" ake ce masa, kuma na shekarar farko ya fi kowanne armashi, ko da yake mai bikin yakan ɓarke da kuka ko ya yi barci kafin a yanka kek.

Birnin da Shehu ya bar wa littafin Ihya'us Sunna ba zai karɓi irin wannan ba tare da muhawara ba. Wasu malamai na ganin koyi ne da waɗanda ba Musulmi ba, babu shi a sunna, a bar shi. Wasu na ganin al'ada ce, ba ibada ba, hukuncinta na bin abin da aka aikata a ciki. Gidaje da yawa sun bi tsakiya: babu kyandir, babu kiɗa, a dafa abinci a kai wa almajirai da maƙwabta, kaka ta sa albarka, a yi hoto. Ni wannan ya fi kwanta mini a rai, don ya fi kusa da abin da ke zuciyar uwa, wato godiya ga Allah da ya raya mata. Wanda ke damuna shi ne na gasa, inda ake cin bashi don kada ƙawaye su raina.

Tsoron da ya hana kakanninmu wannan biki bai gama gushewa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sa Sakkwato a sahun ƙarshe wajen yaran da suka kammala rigakafi, alhali allurar kyanda a wata tara ake yin ta, kafin ranar kek da wata uku. Kuma da ka fita birni ka nufi ƙauyukan Kware, Wurno ko Gwadabawa, har gobe suna, arba'in da yaye su ne zangunan da mafi yawan gidaje ke lissafi da su.