Wasan Buɗe Littafi a Ka: Daga Gafaka Zuwa Shafi na 99



Akwai wani wasa da masu son karatu ke yi: ka jawo littafin da ya fi kusa da hannunka, ka buɗe duk inda ya buɗu, ka karanta wa abokai layi biyu ko uku, su kuma su canki littafin ko marubucinsa. Wasu na ɗauka zamani ne ya zo da shi, alhali ya girmi injin buga littafi.

Wanda ya tashi a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura ya san Alƙur'ani rubutun hannu na alarammomi. Ba a ɗinke shi. Falle-falle yake a cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a saka a gafaka. A tsofaffin kwafe babu lambar shafi. Sai dai marubucin kan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gama, don in iska ko yaro ya hargitsa takardun a iya jera su. Littafi irin wannan kowane falle nasa ƙofa ce. Gardi na iya zaro ɗaya daga tsakiya, ya ja wa ɗan uwansa farkon aya, ya yi shiru yana jira ya ji ko zai ɗora. Ana yi ana dariya, amma wanda ya kakare ya san tilawarsa ta yi sanyi. Wannan gwajin shi ne ƙashin bayan musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986: alƙali ya ja, ɗan takara ya ci gaba daga inda bai zaɓa ba.

A wasu ƙasashe buɗewar ta ɗauki wata fuska. Rumawa kan buɗe waƙoƙin Virgil don neman ishara, mutanen Iran kuma har gobe suna yin haka da diwanin Hafiz na Shiraz, musamman a daren Yalda. Wannan duba ne, ba gwaji ba, kuma malaman Malikiyya irin su Alƙarafi sun hana yin sa da Mushafi. Ba shi ne zancenmu ba.

Namu shi ne lokacin da aka juya gwajin, ya bar kan mai karatu ya koma kan mai rubutu. Ana jingina wa marubucin Ingila Ford Madox Ford, wanda ya rasu a 1939, shawarar cewa a buɗe shafi na 99 na kowane littafi, darajarsa za ta bayyana a nan. Dalilin a fili yake. Shafin farko kowa yana goge nasa sau goma, ƙarshe kuma zumuɗi na ɗauke da shi. A tsakiya ne marubuci ke gajiya ya fara cike gurbi.

Da za a bi lambar sau da ƙafa, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga littattafan gasar 1933, ba zai shiga ba, don bai kai shafi 99 ba. Amma buɗe shi ko'ina, cikin layi uku za ka gane bakin mai ba da labarin. Magana Jari Ce ma haka, ko ba ka san dalilin da aku ke ta zuba labari ba.

Adabin kasuwar Kano, da ya bunƙasa daga shekarun 1980, a ganina nan ne rauninsa ya fi fitowa. Da aka saba raba labari kashi na ɗaya, na biyu, na uku, wasu tsakiyarsu gaisuwa ce da lissafin girki da kwatancen falo. Ba duka ba, amma wanda ya taɓa tsayawa shagon hayar littattafai ya ga mai haya ta fifita shafuka da babban yatsa, ta tsaya a tsakiya, ta karanta kaɗan, sannan ta miƙa kuɗi ko ta mayar kan kanta.

Yau da ake sakin labari guntu-guntu a WhatsApp, mun koma zamanin falle-falle. Ƙawa ce za ta tura wa ƙawarta fita ta 37, babu bango, babu gabatarwa, wani lokaci ma an yanke sunanki daga sama. Daga wannan guntun kaɗai za ta yanke shawarar neman sauran 36 ɗin ko share shi daga wayarta.