Daga Ɗakin Coci a Grahamstown zuwa Gunkin Rhodes

A 1967 ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Kudu, NUSAS, ta yi babban taronta a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Da rana an zauna tare ana tir da wariyar launin fata. Da dare kuwa aka raba hanya: fararen wakilai suka nufi ɗakunan kwanan jami'a, baƙaƙe aka kai su wani ɗakin coci a wajen harabar. Cikinsu akwai ɗalibin likitanci daga Jami'ar Natal, Steve Biko. Ya nemi a dakatar da taron har a sami wurin da zai ɗauki kowa, masu rinjaye suka ƙi. Halin gwamnati kowa ya san shi. Abin da ya ci masa rai shi ne abokan tafiya, masu bugun ƙirji cewa su ba sa ganin launi, sun yi barcinsu lafiya lau.

Wannan daren ne ya haifi SASO, ƙungiyar baƙaƙen ɗalibai zalla, wadda aka ƙaddamar a jami'ar da ke Turfloop a 1969. Da suna suka fara. Takardun gwamnati na kiran su "waɗanda ba farare ba", kamar mutum ba shi da wani asali sai rashin zama Bature. Suka ce su baƙaƙe ne, suka haɗa da Indiyawa da masu ruwa biyu. Biko ma da sunan aro yake rubutu, Frank Talk, wato magana ba rufa-rufa.

Ni dai Onkgopotse Tiro ne ya fi tsaya mini a rai. A bikin yaye ɗalibai na 1972 a Turfloop, ya dubi manyan baƙi ya tambayi dalilin da ya sa farare suka cika kujerun gaba, iyayen da suka sha wahalar ɗaliban kuma suna tsaye a waje. Aka kore shi daga jami'ar. Ya koma koyar da tarihi a sakandaren Morris Isaacson a Soweto, kafin bam da aka aika masa cikin ƙunshi ya kashe shi a Botswana a 1974. Yaran makarantar nan na cikin waɗanda suka ja zanga-zangar 16 ga Yuni, 1976, kan tilasta musu karatu da harshen Afrikaans. Biko kansa ya rasu a hannun 'yan sanda ranar 12 ga Satumba, 1977.

Bayan zaɓen 1994 da ya kawo ƙarshen mulkin wariya sai aka shiga yayin "al'ummar bakan gizo". An gaji da jini, kuma ba na ganin laifin wanda ya gaji. Sai dai ambaton launi ya koma kamar tonon tsohon miki, alhali a manyan jami'o'i farfesoshi galibi farare ne, masu shara da goge-goge baƙaƙe.

Ranar 9 ga Maris, 2015, ɗalibi Chumani Maxwele ya zo da bokitin bahaya, irin wanda talakawan bayan gari ke fama da shi, ya watsa wa gunkin ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes a Jami'ar Cape Town. Wasu suka ce rashin tarbiyya ne. Amma ɗalibai suka mamaye ginin hukumar jami'a, suka raɗa masa suna Azania House, suna kwana suna karanta rubuce-rubucen Biko, kowa na amayar da abin da ya daɗe yana haɗiyewa a aji. Wata guda cif, ranar 9 ga Afrilu, aka ɗaure gunkin aka ɗaga shi daga mazauninsa. Kafin Oktoba ya ƙare, ɗalibai sun isa ƙofar fadar gwamnati a Pretoria kan kuɗin makaranta, har Shugaba Jacob Zuma ya sanar cewa babu ƙari a 2016.